Mai Shuni da Ɗan Farina

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa. Nakan ajiye carbi in manta inda na sa shi, nakan kira jika da sunan ɗan'uwansa. Amma abin da ya same ni a bakin tsohon karofin garinmu, a shekarun nan na fari da yunwa, yana nan a idona kamar jiya, kuma na san da shi za a kai ni makwancina. Sai da girma ya kama ni na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka mai karatu ya yi haƙuri, yadda nake magana haka nake rubutu. Ba kuma zan kama sunan kowa ba. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna raye, duk kuwa suna da haƙƙi a kaina.

Garinmu ƙaramin gari ne a arewacin Kano, irin wanda gonar wannan take jingine da ta wancan, babu dajin da mutum zai ɓuya. In ka yi tari a bayan ɗakinka, gobe a kasuwa za a yi maka sannu. Wuri ɗaya ne ba a son takawa, shi ne tsohon karofi da ke gabas da gari, ƙarƙashin wata tsamiya. Karofi, don yaran yanzu, shi ne wurin rini. Ramuka ne masu zurfi kamar rijiyoyi, ana jiƙa ganyen baba da toka a ciki, a tsoma tufafi su fito shuɗɗa. A lokacin da nake ba da labari duk ramukan sun mutu, sai guda biyu a bakin hanya da wani tsohon marini yake lallaɓawa shi da ɗansa.

A cikin matattun ramukan nan aka ce Mai Shuni yake. Tun ina amarya aka ja mini kunne a kansa. Shi ba da dare yake fitowa ba, da rana tsaka ne, lokacin da inuwar mutum take komawa ƙarƙashin ƙafarsa, gari ya yi tsit. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Murya yake ara. Duk maganar da ta taɓa fita daga bakin mutum a garin nan ya ji ta ya ajiye, sai ya zaɓi muryar wanda ka fi so ya kira ka da ita. In ka amsa ya sa maka hannu, shatin yatsu shuɗɗa ya fito a rigarka ko a jikinka. Daga nan sai rama, sai zurfin tunani, sai wata rana a tarar da takalmanka a bakin rami. Shi ya sa har gobe a garinmu in aka kira mutum da rana tsaka ba ya amsawa sai ya ga mai kiran.

Ɗan farina a lokacin ya zama cikakken mutum, gemu ya fito, sa'o'insa duk sun ajiye iyali. Kowa ya san al'adarmu a kan ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ana yaye shi uwar mijina ta karɓe shi, a ɗakinta ya tashi. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. In ina son ya zo sai in ce, "Kai," ko "Yaron nan." In ba shi da lafiya sai in dama kunu in ba wani ya kai masa, ni kuma in tsaya a bayan zana ina sauraron numfashinsa. Ana yaba mini, ana cewa wance akwai kunya. Ni ma, ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yabon.

Amininsa shi ne ɗan tsohon marinin nan. Dogo ne mai yawan dariya, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, ko da me ya wanke ba sa fita. Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake, tun yana ƙarami itacen bugun kaya ya same shi. In ya shigo gidanmu sai ya ɗaga hannuwan nan sama ya ce wa uwar mijina, "Tsohuwa, ga Mai Shuni ya zo ɗaukar amarya!" Ita kuma ta ce, "Tafi can, baƙin tuzuru. Ku biyun nan kun ishi gari, an rasa wanda zai fara yin hankali a cikinku." A yi ta dariya. A shekarun da ake cin dusa da tafasa, dariya ba ƙaramin abu ba ce, shi ya sa ba wanda ya ƙi zuwansa.

Wata rana ina wanki da ɗan ruwan da na samo, don a lokacin sai mace ta wuni a layin rijiya kafin ta cika tulu, na ɗaga farar rigar ɗana na ga wani abu a jikinta. Shatin hannu ne biyu a bayanta, shuɗɗa, yatsun suna fuskantar juna. Da farko cewa na yi innalillahi, Mai Shuni ya kama mini ɗa. Sai na ƙara dubawa. Ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe yake. Kuma ba shatin wanda ya dafa ka zai wuce ba ne, na wanda ya riƙe ka ne da hannu biyu ya ƙi saki.

Na daɗe a durƙushe. Abubuwa suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya: yadda yaron nan ba ya cin abinci sai ɗan marini ya zo sun haɗa kwano, yadda fuskarsa take washewa in ya ji sallamarsa, yadda duk budurwar da ubansa ya nuna masa sai ya ce a bari sai an ga damina. Ashe idona ya daɗe da gani, zuciyata ce take kau da kai. Na san abin da malamai suke faɗa a kan wannan, na kuma san abin da gari zai yi in ya ji. Ban san me zan ce ba, kuma ko na sani, da wane bakin? Ɗan da ko sunansa ba na faɗa. Na goge rigar da toka da sabulun salo har fatar yatsuna ta saɓule, na shanya ta a cikin ɗaki. Na kai kukana wurin Allah, na ja bakina na yi shiru.

Ba a daɗe ba abin da nake tsoro ya faru. Ƙanwar mijina, wadda ba ta iya ganin abu ta haɗiye, tana layin rijiya da rana tsaka sai ga ɗana ya biyo ta hanyar karofi. Ya gaishe su ya wuce, ta ga wani sabon shatin hannu shuɗi a bayan rigar da ke jikinsa. Ta saki guga ta ɗora hannu a ka. Kafin ya iso gida rabin gari yana biye da shi.

Ku tuna halin da ake ciki. Sama ta ƙi zubar da ruwa, an yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Rumbuna sun zama wurin kwanan ɓera, awaki suna faɗuwa a tsaye, yara suna mutuwa da ciwon da ba a san kansa ba. Mutane suna neman abin da za su ɗora wa laifi. Aka zaunar da shi a tsakar gida, ubansa yana tofa masa addu'a, ana ta turara hayaƙi. Ni ina bakin madafa, don bai kamata a ga na matsa kusa ba.

"Ka amsa kira ne?" in ji ubansa. "Yi magana mana. Muryar wa ka ji?"

Ɗana ya sunkuyar da kai. Can bayan mutane na hango ɗan marini a tsaye, ya cusa hannuwansa cikin aljihun riga, dariyar nan duk ta ɓace. Sai wani maƙwabcinmu, mai ido kamar na shaho, ya zagaya bayan ɗana ya ƙura wa rigar ido, ya ce a hankali, "Wannan dodon dai hannunsa irin na mutane ne. Kuma masu shuɗin hannu a garin nan ba su da yawa."

Na ga wasu sun fara waige-waige. Kakar ce ta tashi da sandarta. "Kai rufe mana baki, sarkin sani! Da hannun jaki kake so ya zo? Ƙanen ubanka da aka tsinci takalmansa a bakin rami, kai ka sa masa hannu? Jikana yana cikin wani hali kana yi mana iyayi." Wasu suka yi dariya, aka koma kan addu'a. Har yau ban san ko tsohuwar nan ta san abin da na sani ba. Ta rasu ba mu taɓa zancen ba. Amma maganar maƙwabcin ta riga ta shiga kunnuwa. A ranar samari suka yanke shawarar za su riƙa laɓewa a kewayen karofi da rana tsaka da gorori, su ga ko mene ne yake fitowa. Maigari kuma ya ce a dakatar da rini, tunda ga ƙarancin ruwa ga wannan fitina.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, maza sun fita, ina sussukar ɗan abin da ya rage, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Ɗan marini ne. Bai yi wasan da ya saba ba. Ya durƙusa daga nesa, ya ajiye wani zane a kan turmi, baƙi wuluk har yana ƙyalli.

"Inna, na ƙarshe ke nan da ramin ya ba mu. Na ce naki ne. Zan tafi cirani, an ce ana samun leburanci wajen Rijiyar Zaki, can birnin Kano."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a. Ya sani?"

"Bai sani ba. In na gaya masa biyo ni zai yi, in kuwa ya biyo ni, kin ga an gama magana." Ya dubi hannuwansa. "Na ga rigarsa ta farko ta dawo fes. Na san ba shi ya wanke ba, ko hularsa bai iya wankewa ba."

Ban ɗago ba, na ci gaba da abin da nake yi.

Ya ce, "Ba na roƙon ki ce komai, Inna. Ki dai kula mini da shi. Shi ba ya faɗar abin da ke cinsa, sai dai ki ga yana ƙarewa."

Na ce masa, "Ka sauka lafiya, ɗan nan." Abin da na iya faɗa ke nan. Ya tashi ya fita, yana goge ido da bayan hannu.

Bai dawo ba. Kafin shekara ta juyo wasu 'yan cirani suka kawo labarin amai da gudawa ya kama shi, an yi masa sutura a can. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan tsohon marini. Ɗana ya je ya zauna a cikin masu zuwa gaisuwa, ya ce Allah ya jiƙansa kamar kowa, ya shafa fatiha kamar kowa. An yi wa uban ta'aziyya, an yi wa uwar, an yi wa ƙanne, har maƙwabta. Shi ba wanda ya ce masa ya haƙuri. Wa zai ce? A idon gari abokinsa ne kawai ya mutu, kuma a shekarar kowa ya rasa aboki. Ya dawo gida ya ɗauki fartanya ya tafi gonar da babu komai a cikinta. Ko ɗigon hawaye ban gani ba.

Daga nan ya fara ramewa. Aka ce ai dama Mai Shuni ya sa masa hannu, ga shi abin ya fara aiki. Ni kuwa a raina ina cewa na san ciwon, ba dodo ba ne. Haka nake ta faɗa wa kaina har ranar da na sake ɗaga rigarsa zan wanke.

Shatin yana nan. Hannu ɗaya, a kafaɗar dama, ƙaramin yatsa a lanƙwashe. Na taɓa shi na ji danshi. Na kai hanci, warin baba ɗanye, irin na ramin da aka motsa yanzu. A lokacin an yi watanni rabon da a jiƙa baba a garinmu. Ramukan biyu sun bushe har ƙasansu ya tsage, tsohon marini ya sayar da kayan aikinsa ya ci. Mai hannun kuma yana kwance a ƙasar wani gari.

Na wanke, bai fita ba. Na ɓoye rigar a ƙarƙashin gado. Bayan kwana biyu na ga wani a wuyansa, wannan karon a kan fata. Da ya miƙo hannu zai karɓi kwano na ga wani ya zagaye wuyan hannunsa kamar an riƙe shi ana ja. Na daure na ce, ina kallon wani wuri, "Kai, me ya same ka a hannu?"

Ya dube ni da wani irin murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Yaya, ashe bai yi fushi da ni ba. Kullum da rana yana kirana."

Na ce, "Wanda ya mutu ba ya kira. Ka nemi tsari."

"To muryar wa nake ji?"

Na miƙa masa kwanon na koma madafa. Kuma washegari ni ma na ji. Rana ta take, kaji sun buɗe baki a gindin rumbu, ba motsin kowa. Daga bayan danga, ta gabas, aka kira sunan ɗana, aka ja ƙarshensa yadda mamacin yake yi in yana tsokanarsa. Har da 'yar dariyar. Na leƙa ta kafar zana, babu kowa, sai gona fetal har gindin tsamiya. Aka sake kira, a hankali, kamar mai kiran ya san ba sauri yake ba.

Na so in gaya wa Malam, mijina. Amma in na ce ana kiransa, zai ce da muryar wa, kuma kowa ya san Mai Shuni da muryar wa yake kira. Maƙwabcin nan yana nan da kunnensa. Sai na zama mai gadi ba tare da na ce ina gadi ba. Da zarar rana ta doshi tsaka sai in ƙirƙiro masa aiki: gyara mini zanan nan, duba mini akuyar nan. Yana yi, amma kansa a karkace kamar mai sauraron wani abu.

Ranar da aka fita roƙon ruwa ita ce ranar. An yi shela kowa ya fito, maza da yara da tsofaffi, har da ɗan abin da ya rage na dabbobi, a tafi filin idi da ke yamma da gari. Ɗana kuwa aka bar shi a kwance don ba ya iya doguwar tafiya, ni kuma na ce kaina yana ciwo. Gari ya zama kufai. Na zauna a ƙofar ɗakinsa ina tsinkar rama, na yafa zanen nan da mamacin ya ba ni. Wata 'yar akuyarmu ta sa kai a cikin tukunya ta maƙale, tana ta bugun bango. Na tashi na cire mata, ban daɗe ba. Na dawo na tarar da tabarma babu kowa.

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Ƙasa tana ƙuna kamar an zuba garwashi, ban ji ba sai daga baya. Daga nesa ina jiyo amon addu'ar mutane a yamma, ni kuma na nufi gabas ni kaɗai, ina bin sawunsa a cikin busassun kunyoyi. Ni da ban taɓa gudu ba tun ina budurwa, ranar na yi.

Warin ne ya fara tarye ni. Da na shiga inuwar tsamiya sai na ji sanyi kamar na shiga randa. Na wuce ramuka biyu na bakin hanya, a bushe. Na shiga cikin matattun, inda tun da aka kawo ni garin ban taɓa sa ƙafa ba. Can na gan shi. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe, ya durƙusa a bakin wani rami. Ramin nan cike yake fal da ruwan baba, baƙi, da kumfa mai ƙyalli a kansa, a shekarar da rijiya mai gaba goma ba ta ba da guga ɗaya. Ruwan yana juyawa a hankali kamar ana motsa shi daga ƙasa. Hannun ɗana na dama yana ciki har gwiwa, kuma kafaɗarsa tana yin ƙasa kaɗan-kaɗan. Ban ga fuska ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ga yatsu a damtsensa, shuɗɗa, sun fito daga cikin kumfar.

Muryar tana ta magana, ƙasa-ƙasa, da daɗi. "Taho mana. Ka bar ni ni kaɗai. Nan ba mai ganinmu."

Na tsaya daga nesa. Na buɗe baki na ce, "Kai!" Bai motsa ba. Na ce, "Yaron nan! Tashi daga nan!"

Sai ramin ya amsa. Da muryata. Wallahi da muryata, yadda nake magana a tsakar gidana, ba ɗaga sauti. "Kai, yaron nan, shiga mana. Je ka, ka hutar da mu." Na ji abin da ban taɓa ji ba, na ji kaina ina kora ɗana cikin rami. Na ga bayansa ya saki, kamar dama wannan izinin yake jira. Ɗaya gwiwar tasa ta zame zuwa bakin ruwan.

A nan Allah ya buɗe mini tunani. Duk abin da na taɓa ce wa yaron nan, abin da ke cikin ramin yana da shi, kuma ba shi da yawa: kai, yaron nan, ungo, tashi. Abu ɗaya ne ba shi da shi, don bai taɓa fita daga bakina ba.

Na kira sunansa.

Sunan da aka raɗa masa ina bayan labule ina jin kunya, sunan da na yi shekaru ina faɗa a zuci kawai in na yi sujada. Ya fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya. Ruwan ya tsaya cak. Ɗana ya waiwayo a hankali, yana dubana kamar bai taɓa ganina ba.

Na taka na isa gare shi. Na sake kiran sunan, na durƙusa, na ce, "Dube ni. Na sani. Tun rigar farko na sani, ni na wanke ta. Na san abin da yake a wurinka, na san abin da ka rasa. Ba wanda ya yi maka gaisuwa, to ni na zo yi maka. Ya haƙuri? Ya haƙurin rashi? Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, ya ba ka dangana."

Ya ce, "Yana kirana."

"Ba shi ba ne. Shi da ƙafarsa ya zo har gida ya durƙusa ya ce in kula masa da kai. Ya bar garin ubansa don ka rayu. Wanda ya yi wannan ba zai ja ka rami ba. Ga zanen da ya ba ni, taɓa ka ji."

Na warware zanen na zarga masa a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, na naɗe bakin biyu a hannuna, na kafa ƙafa. Muryar ta sake tashi, ta mamacin, sannan tawa, sannan ta kakarsa, sannan wasu da ban sani ba, suna hawa kan juna kamar kasuwa. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina ja, ina kiran sunansa a tsakani. Sai na ji ya fashe da kuka, irin kukan da tun yana jariri ban ji ba. Yana fara kukan nan abin ya sake shi. Muka faɗi baya tare a kan ƙasa.

Ya kifa kansa a cinyata yana ta kuka, yana cewa, "Inna, ya tafi bai yi mini sallama ba. Inna, ko kabarinsa ban sani ba." Ran nan ya fara ce mini Inna. Na riƙe kansa da hannu biyu, a fili, ba zana a tsakaninmu. Da na ɗaga ido na dubi ramin, babu komai a ciki sai busasshiyar ƙasa da ganyen tsamiya.

Ba a yi ruwa ran nan ba, sai da aka ƙara shan wuya. Mutane suka dawo daga filin idi suka tarar da mu a gida, ƙafafuna duk sun yi bororo, na ce garwashi na taka. Daga baya Malam ya sa aka yi gayya aka cike matattun ramukan da ƙasa. Ɗana ya daɗe yana jinya, ya warke. Abin da ya yi da sauran rayuwarsa nasa ne, ba zan baza shi a takarda ba. Yana nan da ransa, furfura ta fito masa, shi yake noma mini abin da nake ci. A damtsensa na dama har yau akwai wani duhu-duhu da sabulu bai taɓa fitarwa ba, shi ya sa ba ya sa riga mai gajeren hannu.

Surukaina da jikoki suna yi mini dariya, wai tsohuwa ba ta da kunya, tana kiran ɗan fari gatsal da sunansa. Nakan yi murmushi in ƙyale su. Ni ba malama ba ce, ban iya yanke hukunci a kan abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba, wannan na bar wa Mai shi. Abin da na koya a bakin ramin nan shi ne, kunya ado ce, amma in ta kai uwa ta kasa ce wa ɗanta sannu a ranar da zuciyarsa ta karye, to ta bar ƙofa a buɗe, kuma akwai abin da yake jiran irin wannan ƙofar. Duk wanda aka bari da baƙin cikinsa shi kaɗai, wata murya za ta kira shi, ko daga rami ko daga wani wurin. Don haka nake ce wa iyaye mata 'yan'uwana, ku riga ta. Ku kira 'ya'yanku da bakinku tun suna kusa da za su ji.